Katin Tabbaci Na Masu Rediyon Sha'awa: Wa Ke Da Alhakin Nuna Hanya?

Gabatarwa

Duk wanda ya san Bahaushe ya san shi da rediyo. Tun daga shekarar 1957 da BBC ta buɗe sashenta na Hausa, Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979, akwatin rediyo ya zama abokin hirar mai shayi da maɗinki da direba da malamin makaranta. Sai dai rediyon da muka saba da shi na saurare ne kawai, wato tasha ta yi magana, mu kuma mu kasa kunne. Akwai wani nau'in rediyo da ba kasafai ake jin labarinsa a tsakaninmu ba. Shi ne wanda mutum zai mallaki na'urar watsa magana a ɗakinsa, bayan ya ci jarrabawa hukuma ta ba shi lasisi, ya kafa eriya a bayan gida, ya yi hira da wani irinsa da ke Japan ko Burazil ba tare da waya ko intanet ba. Ba kasuwanci suke yi ba, doka ma ta hana su neman kuɗi da shi. Su ne zan riƙa kira masu rediyon sha'awa a wannan maƙala.

Waɗannan mutane suna da wata al'ada da ta kai shekara ɗari ana yin ta. Idan biyu daga cikinsu suka gana ta iska, sai kowanne ya aika wa ɗan'uwansa kati ta gidan waya, wanda ke tabbatar da cewa lalle an yi wannan ganawa a rana kaza, da ƙarfe kaza. Sunan katin a wurinsu QSL. Aika kati abu ne mai sauƙi a baki, amma a aikace akwai tambayar da ta fi komai ba su ciwon kai, ita ce: ina za a aika shi? Mutumin da ka ji muryarsa na daƙiƙa talatin kacal, bai gaya maka garinsu ba balle unguwarsu, ta yaya za ka gano inda katinka zai same shi? Ra'ayina shi ne, bai kamata nauyin wannan cigiya ya rataya a wuyan mai nema shi kaɗai ba. Wanda ya hau iska ya amsa kiran jama'a ya ɗauki alkawari, kuma rabin cika alkawarin shi ne ya bayyana hanyar da za a bi a same shi.

Mene Ne Katin Tabbaci?

Haruffan QSL ba taƙaitawar wasu kalmomi ba ce. Suna cikin wani jerin alamomi masu haruffa uku-uku, waɗanda duk suke farawa da harafin Q, da aka tsara domin jiragen ruwa da tashoshin bakin teku, aka kuma amince da su a taron ƙasashen duniya kan sadarwar rediyo da aka yi a Landan a 1912. Hikimar ita ce, ma'aikacin jirgin Faransa ya iya fahimtar na jirgin Jamus ko da ba sa jin harshen juna. Kowace alama tana iya zama tambaya, tana kuma iya zama amsa. Idan aka ce QSL da sigar tambaya, ana nufin ko za ka tabbatar mini ka karɓi saƙona. Idan aka faɗe ta a matsayin amsa, ana nufin na tabbatar na karɓa. Haka nan QTH na nufin wurin da mutum yake, QRZ kuma na nufin wa ke kirana.

Da yake mu ɗaliban harshe ne, ya dace mu tsaya kaɗan a kan sunan da za mu ba wannan kati da Hausa. Wani zai ce katin shaida, to amma wannan suna ya riga ya zama na katin da ke ɗauke da hoton mutum da sunansa. Wani zai ce rasit, shi kuma na ciniki ne, alhali nan ba a sayi komai ba. Ni a ganina katin tabbaci ya fi dacewa, domin aikinsa ke nan, ya mayar da maganar da iska ta tafi da ita ta zama abin da za a riƙe a hannu. Gani ya kori ji.

Girman katin yakan kai santimita 14 a tsawo da 9 a faɗi. Abin da ake rubutawa a kai ba ya canzawa: lambar kiran mai aikawa da ta wanda aka aika wa, kwanan wata, lokaci bisa agogon duniya wanda masu saurare suka fi sani da agogon GMT, zangon da aka gana a kai, da kuma hanyar da aka yi maganar, ko da murya ko da ƙwanƙwasar Mos ko ta kwamfuta. Sannan a rubuta yadda aka ji sautin da alƙaluma biyu, na farko daga 1 zuwa 5 domin nuna yadda maganar ta fita, na biyu daga 1 zuwa 9 domin nuna ƙarfinta. Wanda aka ba 59 an ji shi tangaram. A ƙasa kuma a sa 73, wadda ita ce gaisuwarsu ta sallama da fatan alheri. A bayan katin mutum yakan sa hoton garinsu ko na na'urorinsa.

Lambar kira ita ce sunan mutum a iska, kuma farkonta na nuna ƙasarsa. Nijeriya 5N, Nijar 5U, Gana 9G, Kamaru TJ, Cadi TT, Sudan kuwa ST. Amma fa abin da lambar za ta gaya maka ke nan. Ba ta ɗauke da adireshi.

Me Ya Sa Ake Wahalar Nemansa?

Mai karatu zai iya tambaya, mece ce ribar wannan 'yar takarda har da za a ɓata dare ana cigiyar inda za a aika ta? Amsar tana da alaƙa da lambobin yabo. Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, wato ARRL, wadda aka kafa a 1914, ta fara ba da wata lambar yabo mai suna DXCC a 1937, ga duk wanda ya kawo hujjar cewa ya gana da ƙasashe ɗari. A lissafinsu akwai yankuna 340, domin suna ƙirga wasu tsibirai da yankuna masu nisa daban da ƙasashen da suka mallake su. Alal misali, Hawai da Alaska kowanne na zaman kansa, haka ma tsibirin Annobon da ke tekun Gini. Ba a karɓar faɗar baki. Rubutun da mutum ya yi a kundin ganawarsa ba hujja ba ne, sai ɗaya ɓangaren ya tabbatar.

A nan ne bambanci yake fitowa. Amurka na da masu lasisi sama da dubu 700, saboda haka samun katinta ba wuya. Amma akwai ƙasashe da dama, musamman a nahiyarmu ta Afirka, da masu wannan sha'awa ba su da yawa. Idan ɗaya daga cikinsu ya buɗe na'urarsa, ɗaruruwan mutane ne za su yi masa caa a lokaci guda, kowa na kiran lambarsa. Akwai kuma wuraren da ba kowa a cikinsu sam, kamar tsibirin Bouvet na ƙasar Nowe da ke can kusa da ƙarshen kudancin duniya, inda wata tawaga ta sha wahalar zuwa a 2023 domin kawai mutane su samu ganawa da shi. Koriya ta Arewa kuma ta daɗe a sahun gaba na wuraren da aka fi nema. Wanda ya yi shekara ashirin yana jiran irin wannan ganawa, ya same ta a cikin daƙiƙa goma, sannan ya rasa inda zai aika kati, ka ga ya yi noma tsuntsaye sun cinye.

Hanyoyi Uku Na Aika Kati

Hanya ta farko ita ce kai tsaye. Ka sa katinka a ambulan, ka haɗa da wani ambulan ɗin mai ɗauke da adireshinka, ka kuma sa kuɗin kan sarkin da za a maido maka da amsa. A da ana amfani da wata takardar amsa ta ƙasa da ƙasa da gidajen waya ke sayarwa tun 1907, wadda ake musanya ta da kan sarki a ƙasar da ta isa. Amma Ingila ta daina sayar da ita, Amurka ma ta daina a 2013, don haka da yawa suka koma sa takardar dala biyu ko uku a cikin wasiƙa.

Hanya ta biyu ita ce ta matattarar katuna. Ƙungiyoyin ƙasashe da ke ƙarƙashin babbar ƙungiyar duniya ta IARU, wadda aka kafa a Faris a 1925, sukan tara katunan membobinsu, su ware su ƙasa-ƙasa, su aika da su a dunƙule. Wannan hanya tana da araha ƙwarai, sai dai kati yakan yi shekara ɗaya ko biyu kafin ya isa. Bugu da ƙari, ba kowace ƙasa ke da matattara mai aiki ba, kuma ba kowane mai lasisi ne memba ba.

Hanya ta uku ita ce ta wakili. Mai tashar da ke ƙasar da wasiƙu ke wuyar isa yakan naɗa wani amintacce a wata ƙasa, ya riƙa aika masa kwafin kundin ganawarsa. Wakilin ne zai karɓi katunan jama'a, ya duba kundin, idan ya ga ganawar a ciki ya amsa a madadin mai tasha.

Matsalar ita ce, mai nema ba zai san wacce daga cikin ukun nan za ta yi aiki ba sai an gaya masa. Wanda ya aika ta matattara zuwa ƙasar da ba ta da ita, katinsa zai ƙare a kwali. Wanda ya aika kai tsaye ga mutumin da ke da wakili, ya yi asarar kan sarki da dalarsa.

Inda Ake Samun Bayani

A da can akwai wani ƙaton littafi da ake bugawa a Amurka mai ɗauke da lambobin kira da adireshin masu su a duk duniya, kamar dai littafin lambobin tarho. An daina buga shi a takarda a ƙarshen shekarun 1990, ya koma faifan kwamfuta. A farkon shekarun 1990 ɗin kuma aka kafa rumbun QRZ.com, inda kowane mai tasha ke iya rubuta bayanin kansa da hanyar da yake so a aiko masa kati. Akwai kuma mujallun labarai na mako-mako, irin su 425 DX News ta ƙasar Italiya, waɗanda ke sanar da tawagogin da za su je wurare masu wuyar samu da sunayen wakilansu. Ban da waɗannan, akwai abin da abokai ke gaya wa juna, wanda wani lokaci daidai ne, wani lokaci kuma tsohon labari ne.

Matambayi ba ya ɓata, amma fa sai ya san wanda zai tambaya. Ni shawarata ga mai nema ita ce ya jera waɗannan majiyoyi bisa daraja. Abin da mai tasha ya faɗa da bakinsa a iska, ko ya rubuta da hannunsa, shi ne a sama, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai sanarwar tawaga ko ta wakili. Abin da wani ya ce wani ya ce shi ne na ƙarshe. Sannan dole a dubi kwanan wata. Ana iya sake ba wani sabon mutum lambar kiran da wani ya riƙe shekaru goma da suka wuce. Tasha ɗaya tana iya samun wakili a bana, wani daban a baɗi. Wakilai suna tsufa, suna ƙaura, suna rasuwa. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, wa ke riƙe da kundin wannan tasha na ranar da na gana da ita? Har ila yau akwai 'yan sojan gona, masu ɗaukar lambar ƙasar da ake nema su hau iska da ita don tsokana. Tawagogi da yawa a yau suna sa kundinsu a rumbun Club Log, inda mutum zai duba ya ga ko lambarsa na ciki kafin ya kashe ko sisi.

Alhakin Mai Tasha

Duk wannan da na lissafa aikin mai nema ne, kuma galibi idan ana maganar kati a nan ake tsayawa, kamar dai shi kaɗai ke da aiki. A nan ne na saɓa. Mai tasha shi ya fi kowa sanin halin gidan wayar garinsu, shi ya san ko yana cikin ƙungiya, shi ya san ko yana da halin buga katuna dubu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da zai ɗauke shi minti biyar ya rubuta, shi ne abin da mutum ɗari biyar za su kwana suna nema. Jimla uku sun isa: ga hanyar da nake amsa kati, ga wadda ba na amsawa, ga ranar da na sabunta wannan bayani.

Tashoshin da muka taso muna saurare sun gane wannan tun tuni. Duk wanda ya saurari shirin amsoshin wasiƙu a sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare ya san a da ba a rufe shiri sai an karanto adireshi, a maimaita shi a hankali yadda mai biro zai iya rubutawa. Su ma waɗannan tashoshi na gajeren zango sun riƙa aika katin tabbaci ga masu sauraren da suka rubuto musu rahoton yadda suke kama su. Sun san cewa wanda ya gayyaci baƙo, shi ne zai yi masa kwatancen gida.

Wani zai ce ai mutumin nan sha'awa ce ta kawo shi, ba ma'aikacin kowa ba ne, don me za a ɗora masa nauyin amsa wasiƙu dubu? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban ce dole kowa ya buga kati ba. Wanda ba zai iya ba, ya fito fili ya ce ba ya aika kati. Wannan ma bayani ne, kuma mutunci ne. Abin da ba shi da kyau shi ne a yi shiru, wasiƙu su yi ta zuwa da daloli a ciki, amsa kuwa babu. Ko da mutumin bai ga wasiƙun ba, ko da a hanya suka salwanta, sunansa ne zai ɓaci, daga nan kuma sunan ƙasarsa. Mai lamba 5N ko 5U, ya sani ko bai sani ba, wata ƙila shi kaɗai ne ɗan ƙasarsa da wani manomi a Kanada zai taɓa yin magana da shi a duk rayuwarsa.

Wani kuma zai kawo maganar tsaro, cewa ba hikima ba ne mutum ya baza adireshin gidansa ga duniya. Haka ne. Amma akwatin gidan waya ya magance wannan, wakili ma ya magance. Tsofaffin hannu har shawara suke ba wa masu aikawa cewa kada a rubuta lambar kira a bayan ambulan, domin mai mugun nufi ya san irin wannan wasiƙa ba ta rasa kuɗi a ciki. Batun kuɗin kansa kuma, neman abin da zai biya kan sarki da bugun kati daidai ne. Amma ranar da aka mayar da tabbacin ganawa hajar sayarwa ga wanda ya fi tayi, to an bar sha'awa an shiga wani abu daban.

Masu Cewa Zamanin Kati Ya Wuce

Akwai masu ganin duk wannan magana ta zama tarihi. A 2003 ARRL ta buɗe wani kundin kwamfuta na duniya da ake kira LoTW. Kowane mai tasha zai ɗora kundinsa da sa hannun lantarki, idan bayanan mutum biyu suka dace a lamba da zango da lokaci, ba tare da saɓanin da ya wuce minti 30 ba, an tabbatar da ganawar nan take, kuma ana karɓarta wajen ba da DXCC. Babu kan sarki, babu jiran shekara biyu. Ni ban ƙi wannan ba, idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, kuma ga mazaunin ƙasar da wasiƙa ke wuya wannan babban sauƙi ne.

Sai dai ko a nan tambayar tana nan daram. Akwai LoTW, akwai wani tsarin mai suna eQSL wanda ba a karɓar tabbacinsa a DXCC, akwai kuma tsarin neman kati ta Club Log. Hanyoyi sun ƙaru daga uku zuwa shida, saboda haka buƙatar mai tasha ya faɗi wacce yake bi ta ƙaru ke nan. Na biyu, a watan Mayu na 2024 masu kutse sun afka wa kwamfutocin ARRL, LoTW ya tsaya cik har zuwa farkon watan Yuli. Bayanan sun dawo lafiya, amma a waɗannan makonni wanda ke da katunansa a akwati ne kaɗai ke iya buɗewa ya duba.

Na uku, kati yana ɗauke da abin da layin kwamfuta ba ya ɗauka. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai gidan adana tarihin rediyo mai miliyoyin irin waɗannan katuna. A cikin tarin masu sha'awa ana samun katunan ƙasashen da babu su a taswira yanzu, kamar Jamus ta Gabas da Tarayyar Sobiyet. Ana samun na Nijeriya tun tana amsa lambar ZD2 a zamanin Turawa, kafin ta koma 5N bayan samun 'yancin kai. Ana samun na marigayi Sarki Husaini na Jodan, wanda ya riƙa hawa iska da lambar JY1 yana hira da talakawan duniya. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa hannun mai shi ne saboda wani ya san inda zai aika.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, na san da wuya a samu mai na'urar watsa magana a cikinmu, amma darasin bai tsaya ga rediyo ba. Mu ma muna fita neman bayanai, muna hira da dattawa da mawaƙa da masu sana'a, muna rubuta an ce. Ƙa'idar masu katin tabbaci ita ce, magana ba ta zama hujja sai an san wa ya faɗa, a wace rana, a ina, kuma ana iya komawa gare shi ya tabbatar. Wanda ya ba da bayani kuma ya bar hanyar da za a sake samunsa.

A taƙaice, abin da nake kira gare shi abu biyu ne. Mai neman kati ya yi bincike da natsuwa, ya fifita maganar mai tasha a kan jita-jita, ya kuma lura da kwanan wata. Mai tasha kuma, musamman wanda ke ƙasar da ake rububin samu, ya rubuta hanyarsa a fili, ya sabunta ta duk lokacin da ta canza, idan ba ya aika kati ya faɗa. Su da kansu suna cewa ganawa ba ta cika ladabi sai kati ya biyo baya. Mu kuwa da Hausa cewa muke yi alkawari kaya ne, kuma ba a sauke kaya sai an san ƙofar gidan da za a kai su.